Awa 6 daga Frankfurt zuwa Abuja, wuni guda daga Abuja zuwa Kano

Jama'ar gida barkanku da war haka. Na koma Jamus lafiya lau amma abin nan ya tsaya min a rai sai na faɗa muku.

Ranar da zan taho gida jirginmu ya samu matsala a Frankfurt, kusan awa 5 muna zaune. Ba a jima ba wata ma'aikaciya ta fito ta yi mana bayani tiryan-tiryan, wani abu ne ya lalace sai an canza, ta ba mu haƙuri, aka raba mana takardar karɓar abinci kyauta. Wani dattijon Bature a gefena ya ce kar in yar da tikitina, kuɗi ne. Ashe doka ce ta Tarayyar Turai tun 2004, in jirgi ya tashi daga ƙasashensu ya kai ka a makare da awa 3 ko fiye kuma laifin daga kamfani ne to dole su biya ka, da nisan tafiyar ake lissafi, ƙasa da kilomita 1,500 yuro 250, in ta haura 3,500 har yuro 600. Frankfurt zuwa Abuja kuwa kilomita 4,500 ne da ɗoriya, awa 6 a sama. A waya na cike fom ɗin, ban san kowa ba, ban roƙi kowa ba, bayan 'yan makonni wallahi sai ga yuro 600 a asusuna.

Ba wai nan ɗin aljanna ba ce fa, gorar ruwa a filin jirgi ta fi yuro 3, ka yi sallama a kalle ka kamar ka yi laifi. Da muka gama ƙetare sahara na hango sunan Kano a 'yar taswirar bayan kujera, muna wuce ta, hawaye ne suka zo min.

To daga Abuja zuwa Kano ko kilomita 400 bai kai ba, ƙasa da awa 1 a jirgi. Tun hantsi nake zaune a filin jirgin Abuja ina jiran jirgin Kano har aka yi isha'i. Ba wanda ya leƙo ya ce mana uffan, ko ruwan leda, in ka je ka tambaya a ce ka ƙara haƙuri yallabai, shi ke nan. Wata tsohuwa da jikanta a ƙasa suka shimfiɗa ɗankwali suka kwanta. Abin da ya fi ƙona min rai mu ne kanmu, mu ma muna da dokar haƙƙin fasinja a rubuce amma da na ce mu haɗu mu rubuta ƙorafi sai kowa ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ana kiran shiga kuma aka hau turereniya ana taka tsohuwar nan.

Sha ɗayan dare ta wuce na shiga gida. Inna na zaune kan tabarma ba ta runtsa ba, tuwon da ta tuƙa min tun azahar ya huce, sau biyu tana ɗumama miyar kukar.