Hattara da masu "ajiyar dutse": ₦180,000 ta tafi, dutsen ma an musanya shi

Jama'a masu kiwon kifin ruwan gishiri, akwai wani a Instagram da ke tallan wai zai ajiye muku dutse mai rai (dutsen murjani da bakteriya masu tsabtace ruwan tanki ke zaune a jikinsa) yayin da kuke sabunta tanki. Ɗan damfara ne. ₦180,000 ya karɓa. Kilo 40 na dutse mai shekaru a ruwa ya ɗauka, ya dawo mana da kilo 40 na wani abu daban.

Aikin ba wani mai wuya ba ne: silikon ɗin tankin ya fara saki, dole a kwashe komai, a zubar da tsohon yashi (ba a mayar da shi, dattin da ya kwanta a ƙasansa amoniya mai guba ga kifi yake tayarwa), a sake liƙe gilashi. Dutsen ne kawai abin tattali, domin bakteriyar da ke mayar da amoniya naitirait, sannan naitiret, a cikin ramukansa take zaune. Kuma kada wani ya ce min an yi sakaci. An tambaye shi ma'aunin gishirin ruwan da zai ajiye dutsen a ciki, ya ce 1.025. An tambaye shi zafi, ya ce digiri 26. Ya turo bidiyon robobi da famfo yana juya ruwa, har da janareta. Shi da bakinsa ya ce, "Yallaɓai, a jiƙe za a ɗauko shi, soson teku da ke jiki mutuwa yake idan ya sha iska." Gaskiya ce kuwa! Wannan maganar ce ta sa aka tura kuɗin, kuma har yanzu ita ke yi min yawo a ka. Wanda ya san soso ba ya son iska, wa zai ce ɓarawo ne? ₦180,000.

Da aka sa dutsen da ya dawo da shi a tanki, dodon koɗi ne suka fara tona asiri. Cikin kwana biyu duk sun saki gilashi sun kife, jatan lande suka biyo baya, alhali kifayen lafiyarsu ƙalau. Duk wanda ya san sana'ar ya san wannan alamar gubar jan ƙarfe ce a ruwa. Maganin cutar ɗigon fari ta kifi da shi ake yi, dutsen murjani kuwa tsotse shi yake ya riƙa saki a hankali na tsawon watanni. Aka sa Poly-Filter, matacin da ke komawa shuɗi idan akwai jan ƙarfe a ruwa, ya kuwa koma shuɗi. Wato wani sashen dutsen daga tankin da aka yi jinya a ciki ya fito.

Kai, tun kafin nan ma, ranar da aka sauke kayan, ƙanshin teku babu. Dutse mai rai ƙanshin gaɓar teku yake, wanda ya mutu a hanya kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ba ya warin komai, kamar bulo. Launin shunayyar da ke jikin sauran kuma fenti ne. Gansakukar nan mai tauri mai launin shunayya da ke fitowa da kanta a kan dutse mai rai tabo-tabo take, ta fi yawa a gefen da haske ke bugu, idan ka kankare ta da wuƙa gari take yi kamar alli. Nasa launi ɗaya ne sumul, har cikin ramuka da ƙasan dutse inda fitila ba ta taɓa leƙawa ba. Akwai kamfanonin da ke yin dutse mai launi su sayar da shi da sunansa, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a karɓi naka mai rai a ba ka busasshe, a kuma caje ka kuɗin ajiya.

An gwada shi a bokiti: sabon ruwa, famfo, amoniya 2 ppm (kashi 2 cikin miliyan). Dutsen da bakteriyarsa ke raye zai cinye ta cikin awa 24. Wannan bai motsa ba. Da aka tura masa sakamakon sai ya ce ruwanmu ne ba shi da kyau. Tataccen ruwan RO/DI ne, malam, TDS (ma'aunin abin da ya narke a ruwa) sifili! Daga nan ya toshe lamba. A'a, sai da ya fara neman ƙarin ₦25,000 na mota tukuna, a kan ₦180,000 ɗin, sannan ya toshe. Alat na banki, hirar WhatsApp, hoton dutsen kafin da bayan, duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin mutane.

Kada dutsenku ya bar gida. Durom mai tsabta wanda bai taɓa ganin sabulu ko mai ba, tsohon ruwan tankin ya rufe dutsen gaba ɗaya, famfo ɗaya, hita idan ana sanyi, ɗan abincin kifi duk bayan kwana uku, ruwan RO a cike abin da ya ƙafe. Idan dole ne ya fita, ku auna shi a sikeli, ku ɗauki hoton kowane guda ta fuska biyu.