Kafet ɗin falo: wankin gida ko wurin wankin mota?

Hajiya, kin ce kafet ɗin tsakiyar falonki ya sha ƙurar hunturu, ga tabon manja a gefe guda, yaro kuma ya yi fitsari a kai, kina tambaya ko ki wanke shi a gida ko ki bayar a kai wa masu wankin mota kamar yadda maƙwabta suke yi. Kafin ki zaɓi ɗaya, ki juya shi ki duba bayansa, domin zaren da aka saƙa shi da shi ne zai raba gardama.

Yawancin waɗanda ake jera wa amare yanzu, waɗanda 'yan kasuwa ke ce wa 'yan Turkiyya, inji ne ke saƙa su da zaren roba, kuma da yawansu daga masaƙun garin Gaziantep suke fitowa. Idan takardar baya tana nan, sau da yawa za ki ga an rubuta PP, wato irin zaren robar da aka saƙa shi da shi. Idan ta ɓalle, ki tsinko zare ɗaya daga gefe ki kanga masa ashana. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Na ulu ƙaurin gashi yake yi, tokarsa kuma tana murmushewa a yatsa. Wanda ya ci wuta fuu kamar takarda, idan ba auduga ba ce, to biskos ne, mai sheƙin nan da ake sayarwa da sunan siliki.

Idan na roba ne, ni dai wurin wankin mota zan ce miki, kuma dalilina ɗauraya ce. A gida cuɗawa ba ta gagarar kowa: bokiti, omo, burushi, yara biyu, an gama. Fitar da kumfar ce aiki. Kafet mai mita 2 da 3 idan ya jiƙe, mace ɗaya ba ta iya ɗaga shi, ruwan da za a ɗauraye shi tas kuma ya fi ƙarfin jarka biyu ko uku na mai kura. Sai a gaji a shanya shi da sauran sabulu a ciki. Sabulun nan idan ya bushe danƙo yake yi, ya riƙa kama ƙura, shi ya sa za ki ji ana cewa tun da aka wanke kafet ya fi saurin datti. Masu wankin mota kuwa suna da ruwa, suna da injin feshi mai tura kumfa waje, ga samari majiya ƙarfi da za su ɗora shi kan katanga. Zaren roba kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, launinsa kuma tun robar tana narke aka zuba shi, saboda haka ba ya zuba.

Amma ba a miƙa musu a juya baya. Abu na farko, a kakkaɓe shi a bushe kafin ruwa ya taɓa shi. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar gari, tana sauka har gindin zare. Idan aka fesa mata ruwa kai tsaye taɓo take zama ta liƙe a can. Ki sa a rataye shi a gida a bubbuge bayansa da sanda har ƙurar ta daina tashi, sannan a tafi da shi. Na biyu, ki ce kada su shimfiɗa shi inda aka gama wanke ƙarƙashin mota. Zaren roba da maiƙo abokan juna ne, baƙin mai idan ya kama shi da wuya ya sake shi. Na uku, kada a manna bakin injin a jikinsa, kada kuma a feshi ɗinkin gefe, don nan ne yake fara warwarewa. Wasu yaran, Allah ya shirya, yadda suke wanke taya haka suke wanke kafet.

Idan na ulu ne, magana ta juya gaba ɗaya. Ulu gashin tunkiya ne, abin da zai lalata gashin kanki zai lalata shi. Garin omo yana da kaifi irin na kanwa, wasu kuma ana sa musu sinadarin da ke cinye tabon jini da ƙwai, wanda shi ma ulun yake ci a hankali. Hypo kuwa narkar da shi take yi. Ruwan zafi da dirza suna sa zaren ya cure, kafet ya tsuke ya karkace, kuma ba ya komawa. Launin saƙar hannu, musamman ja, yakan zuba ya shiga cikin fari. Da yawa daga abin da na lissafa, shi ne abin da ake yi a wurin wankin mota. Don haka na ulu a gida ake wanke shi, ko a ba kamfanin da aikinsa ke nan. Ruwan sanyi, ɗan shamfu marar ƙarfi, soso mai laushi, ana bin kwanciyar gashin ba a yi masa gaba da gaba ba. Kafin ki fara, ki jiƙa farin ƙyalle ki danna a kan kowane launi. Idan ya ɗauko, ki tsaya nan.

Biskos kuwa babu gida babu wurin mota. Idan ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake yi sosai, ya bushe da rawaya-rawaya, gashin ya sandare. Shara da injin zuƙar ƙura kawai yake so. Haka wanda aka liƙe bayansa da yadi da gam: jiƙa shi sharkaf yana kashe gam ɗin, bayan 'yan watanni ki ga farin gari yana zuba a kan tayil. Mai bayan algarara shi kuma idan ya daɗe a jiƙe, ruwan ƙasa-ƙasa yake turowa saman zaren.

Inda gida ya fi wurin mota nesa ba kusa ba, shi ne tabo. Mai wankin mota sai bayan mako ko wata yake ganin tabon, ke kuwa a gabanki aka yi. Manja, ki kwashe da cokali daga gefe zuwa tsakiya, ki barbaɗa garin sitaci ko hoda ya tsotse maiƙon, ki share, sannan ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa cikin ruwa mai ɗumi ki riƙa dannawa da tawul. Dannawa, ba gogewa ba. Gogewa faɗaɗa tabo take yi. Shayi da zoɓo ma haka, sai dai babu buƙatar hoda. Jini ruwan sanyi kaɗai, na zafi dafa shi yake yi a cikin zare.

Fitsarin yaro abu biyu ne, wari da tsarki. Ki fara tsane shi da tsumma, ki sa tawul mai kauri ko roba a ƙasan wurin, ki kwarara ruwa tsarkakakke ki tsane, ki maimaita har alamarsa ta gushe. Bayan haka ne ruwan kal da aka sirka da ruwa rabi da rabi zai taimaka wajen kashe zarni. Shi ruwan kal ɗin na wari ne kawai, ba ya tsayawa a madadin ruwa wajen tsarki. Kuma ki tsarkake wurin tun a gida kafin a tafi da kafet ɗin, don ba ki san yadda za su bi da shi a can ba.

Saura shanya, wadda ta fi wankin kansa lalata kafet. Idan ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu da laima, fumfuna ta fara, warin nan kuma ko turaren wuta na wata guda ba ya rufe shi. Ulu ya fi yaudara, don yana iya riƙe ruwa kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa hannu bai ji jiƙa ba. A nan kowanne da aibinsa: masu wankin mota suna son su sallame ki, sai su naɗe shi saman ya bushe ƙasan da saura, a gida kuma inuwar tsakar gida ba ta isa. Ki tura yatsa har gindin zaren, ki taɓa bayan, kafin ki yarda a naɗe. A shanya shi a kife, bayansa na kallon rana, saboda launi kada ya koɗe, kuma zaren roba rana mai yawa tana sa shi ya riƙa karyewa. Babban wanki a yi shi da rani ko ƙarshen hunturu, iska a bushe, wuni ɗaya ya isa. A watan Agusta ko kyauta aka ce za a wanke miki, ki ce a bari.

Tunda na ambaci turare: kasko kada ya sauka a kan na roba ko da na minti ɗaya. Zaren yana narkewa a wajen digiri 160, garwashi ya ninka haka, ramin da ya yi kuma babu wankin da zai cike shi. Na ulu ya fi jure wuta, amma shi asu ke ci, musamman ɓangaren da ke ƙarƙashin kujera inda tsintsiya ba ta kaiwa, don haka ki riƙa janye kujerun kina sharewa, kina kuma juya kafet ɗin bayan 'yan watanni.

Naki da kika ce a kayan ɗaki ya zo, mai yiwuwa na roba ne. Ki gwada zaren. Idan ya narke, ki cire manjan, ki tsarkake wurin fitsarin, a kakkaɓe shi yau, gobe da sassafe a kai musu don ya samu ranar wuni cur.