Kwana huɗu a jirgin ruwan Nilu, daga Luksor zuwa Aswan

Tun da muka dawo Daura, duk wadda ta shigo yi mana barka da zuwa sai ta tambaye ni labarin jirgin ruwan nan, wasu har suna cewa in haɗa su da wanda ya shirya mana. Na ga gara in rubuta, mai niyya ya karanta a tsanake. Na ji daɗin tafiyar ƙwarai, kuma zan koma in Allah ya ba da iko, amma ba a ɗakin da aka ba mu ba, ba kuma da irin cinikin da muka yi ba.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai mu Masar ba. Malam ne aka yi wa aikin ido a Alƙahira, likita ya duba ya ce komai ya yi kyau, mu dawo bayan kwana goma. Zaman otal ya ishe mu, ga hayaniyar motoci dare da rana. Ɗan ƙanena da ke karatu a Azhar shi ya kawo shawara. Ya ce, "Gwaggo, kuɗin da za ku kashe a otal da abinci, ku ɗan ƙara a kai ku shiga jirgin Nilu. Baba zai huta, ke ma ki ga ruwa." Muka tambayi likita, ya yarda, da sharaɗin baƙin tabarau da ɗiga magani a kan lokaci. A watan Janairu ne.

Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa. Wanda ya taso daga Aswan zuwa Luksor yana bin ruwa ne, galibi kwana uku ake yi. Wanda ya taso daga Luksor kuwa yana haurawa, kwana huɗu. Mu na huɗun muka ɗauka, kuma shi nake ba dattawa shawara, don na ukun a gurguje ake komai. Daga Alƙahira zuwa Luksor kamar awa ɗaya ce a jirgin sama. Akwai jirgin ƙasa mai gado da ke kwana a hanya, amma ban so a jijjiga Malam ba. Mai tasowa daga gida ya nemi bizarsa tun a Najeriya, ya riƙe katin rigakafin shawara tare da fasfo, ya hau jirgi a Kano.

Matsalarmu ta farko ɗaki. Ejan ɗin da ya sayar mana ya nuna mana hoton ɗaki mai taga daga sama har ƙasa, labule a zuge, ruwa shimfiɗe. Da muka isa sai aka gangara da mu hawa na ƙasa, can baya kusa da inji. Tagar ƙarama ce, ba ta buɗuwa, ruwa na kusan taɓa ta. Daren farko gadon kansa kaɗawa yake yi, ga warin gas yana shigowa. Jirgi ko yana tsaye ba a kashe janareta. Malam bai runtsa ba, ni ma haka. Da safe na je wurin manaja da takardarmu, ya duba ya nuna mini da yatsa: babu inda aka rubuta hawa. Hoto kawai muka gani muka biya. Mutumin ya yi mana kirki, ya ce akwai ɗaki a hawa na uku da ba kowa, amma sai mun cika kuɗi. Muka cika. Wannan abu ya ƙona mini rai, don da ejan ya faɗi gaskiya tun farko da hannu biyu zan biya. Don Allah, kafin ku ba kowa ko sisi, a rubuta muku sunan jirgin, da hawan da ɗakin yake, da cewa yana tsakiya ko gaba. Kada ku yarda da "ko makamancinsa".

Wani abin da hoto ba ya nunawa shi ne yadda jiragen ke tsayawa. A Luksor da Aswan jerawa suke gefe da gefe, uku, huɗu, wani lokaci fiye. In naku ne na ƙarshe, sai kun ratsa ta falon sauran kafin ku taka ƙasa, ana tsallaka ɗan rata tsakanin jirgi da jirgi. In kuma a tsakiya kuke, kun buɗe labule sai ku ga tagar wani, taku ɗaya tsakani. Namu ba shi da lif, abinci a ƙasa, wurin shan iska a can rufi. Mai ciwon gwiwa ya yi wannan tambayar tun a gida.

Abinci kuwa babu abin da zan ce sai madalla. Muna shiga aka tare mu da wani jan abin sha a ƙananan kofuna, suna ce masa karkade. Na kurɓa sai na dubi Malam, na ce, "Malam, ai zoɓo ne." Kashegari ga wata koriyar miya mai yauƙi, mulukiyya, ashe lalo ce, sai dai sun cika mata tafarnuwa. Akwai kuɓewa da nama, akwai gurasa mai zafi, da safe kuma dafaffen wake da suke kira ful, a zuba masa mai da lemun tsami. Shinkafa, kifi, kaza, dabino, sau uku a rana, kowa ya ɗebi abin da zai iya. Yankan Musulmi ne, ba ka cin abinci da ɗar-ɗar. Yaji ne kawai babu. Na tafi da ɗan garin yajin ƙuli a kwalba, kuma kafin kwana biyu wani mai raba abinci, Banube, wato ɗan ƙabilar Nubawa ta kudancin Masar, baƙi kamar ɗan Zango, ya riga ya gane, da ya gan mu sai ya kawo ƙaramin faranti ya ce, "Hajja, shaɗɗa?" Wato barkono.

Amma ruwan sha ba ya cikin kuɗin. Wannan ma ba a gaya mana ba. Kowace gora da aka ajiye a tebur ana rubutawa a lambar ɗaki, haka lemo, haka shayin da ba na karin kumallo ba, kuma farashin ya ninka na kanti. Ruwan famfon jirgi na wanka da alwala ne, ba na sha ba. Daga rana ta biyu muka riƙa sayo manyan gorori a gari. Tikitin shiga wuraren tarihi ma sai an tambaya ko yana ciki. A ƙofofin da muka je da katin banki ake biya, ba sa karɓar tsaba, don haka a tafi da katin da ke aiki a waje. Sannan a nemi canjin ƙananan fam na Masar da yawa saboda bakshish, wato tukuici: mai keken doki, mai kwalekwale, mai gadin bayi, kowa yana sa rai. Na ma'aikatan jirgi a ambulan ake sa wa ranar fita, a raba musu duka.

Ranar farko ko motsi jirgin bai yi ba. Aka kai mu Karnak, tsohon wurin bautar Fir'aunoni, inda akwai wani zaure mai ginshiƙai 134, kowanne sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Da yamma muka je tsohon ginin da ke tsakiyar Luksor, kuma a cikinsa, a bisa bangon Fir'aunoni, akwai masallacin Abul Hajjaj da har yau ake salla. Nan muka yi Magariba. Wata ƙawata ta tambaye ni ko ban ji nauyin zuwa kallon gumaka ba. Na ce mata Alƙur'ani ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na farko ya kasance, kuma ban taɓa jin wannan a jikina ba kamar lokacin da ladan ya ɗaga murya a kan waɗancan duwatsu.

Kashegari tun da asuba aka tashe mu zuwa Kwarin Sarakuna, a hayin yamma. Kaburbura sun haura sittin, tikiti ɗaya na ba ka shiga uku, na Tutankamun da aka gano a 1922 kuwa kuɗinsa daban. Gangara ce mai tsawo cikin dutse, da zafi da ƙarancin iska. Malam ɗaya ya shiga ya nemi inuwa ya zauna, kuma ya yi daidai. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ginin Hatshefsut ne, macen da ta mulki Masar, hawa uku a gindin tsauni. Mai yi mana bayani yana ta nanata cewa mace ce, mace ce, yana jiran mu yi mamaki. Na ce masa ni daga garin Daurama nake, mu ma mata sun riƙe sarauta kafin zuwan Bayajidda, rijiyar Kusugu na nan har gobe. Ya sa na maimaita masa sunan har ya rubuta.

Sai bayan Azahar jirgin ya ɗaga, kuma daga nan ne kuɗina suka fara biyan kansu. Na hau rufi na sami kujera a inuwa ta gaba, nesa da wurin ninkaya inda Turawa ke shanya jiki. Ruwan ba ya kaɗawa ko kaɗan, ko shayi ba ya zuba, don haka mai tsoron amai ya kwantar da hankalinsa. Hagu da dama gonakin rake ne da ayaba da dabino, kore shar, amma ɗan siriri, bayansa sai rairayi da tsauni tsirara. Ga injin ban ruwa yana tatata kamar na masu noman rani a Sabke, ga jaki da kayan ciyawa, ga balbela a bayan saniya, yara na ɗago mana hannu. Kowane ƙauye da hasumiyarsa, kiran sallar La'asar ya fito daga wannan gaɓa, na waccan ya amsa. Ni da na tashi inda ake auna ruwa da jarka, na zauna ina kallon kogin da ba ya ƙafewa a ƙasar da ruwan sama sai a shekara ba a gani ba. Malam, da idonsa sabon aiki, ya ce mini, "Hajiya, kin ga wancan mai fatsar? Har igiyarsa ina gani." Hawaye suka zubo mini.

A Esna akwai wata ƙofar ruwa da jirage ke bin layi. Jirgi zai shiga wani dogon akwati na siminti, a rufe bayansa, a sako ruwa, ya riƙa tashi a hankali har ya yi daidai da kogin da ke gaba, sannan a buɗe. Kafin layi ya zo kanmu sai ga 'yan kasuwa a ƙananan kwalekwale sun ɗaura igiya a jikin jirginmu. Ɗaya ya naɗe jallabiya a leda ya wurgo ta tun daga ƙasa har rufi, hawa huɗu, ta faɗo a gabana. Malam ya leƙa ya ce, "Bikam?" Wato nawa. Aka yi ta ciniki da ihu da yatsu. Da aka daidaita na sa kuɗin a ledar, na ƙulle, na jefa masa, ya cafe da hannu ɗaya yana riƙe da igiya da ɗayan. Wanda ba ya so ya mayar da kayan kawai, amma in ka buɗe leda ka shiga ciniki ke nan.

Tsohon ginin da ke garin Edfu da keken doki ake zuwa, kuma ban so yadda wasu dawakan suka rame ba. Na Kom Ombo kuwa a bakin ruwa yake, da ƙafa ake hawa, akwai ɗakin da aka ajiye busassun kadoji. A Aswan muka ga babbar madatsar da aka fara a 1960 zamanin Jamal Abdul Nasir aka gama a 1970, da ginin Fila da aka kwashe dutse bayan dutse aka sake kafawa a wani tsibiri don kada ruwa ya cinye shi. Abu Simbel, wani ginin Fir'aunoni can kudu, ba mu je ba: ƙarin kuɗi ne, a tashi wajen ƙarfe huɗu na dare, a yi fiye da awa uku a mota kafin a isa. A maimakonsa na shiga kasuwar Aswan, na tarar da goruba da tsamiya da zoɓo tuli-tuli kamar ranar kasuwar Mai'aduwa.

Game da salla, mu matafiya ne, ƙasaru muka yi. A tsaye ake yi ba wata wahala. In jirgi ya miƙa kudu alƙibla na hannun hagu, ta ɗan karkata gaba, amma kogin na lanƙwasa, don haka mukan duba waya kafin kabbara. Na tafi da darduma da ƙaramar buta. Jirgin yana da mashaya, ana sayar da giya, kuma akwai daren da aka kawo mai rawa. Ba wanda ya matsa mana, muka ci abinci muka haye sama. Mai tafiya da yara dai ya san da wannan tun kafin ya biya. Sanyi kuma na gaske ne a Janairu, da dare a rufi ya fi hunturun Daura shiga ƙashi, sai da na yafa bargon ɗaki. Daga Oktoba zuwa Afrilu ake zuwa. Da bazara zafin Aswan na wuce digiri 40.

In aka lissafa, tafiyar ruwa ta gaske ba ta fi yini ɗaya da rabi ba a cikin kwana huɗun, saura duk a tsaye ne ana fita ana dawowa. Ba dole ba ne ka bi kowace fita. Ranar Edfu wata dattijuwa 'yar Sudan ta ƙi sauka, na dawo a gajiye na same ta a rufi da carbinta da kofin shayi, ita kaɗai da kogi. Ranar ƙarshe ni ma haka na yi da yamma, na bar su suka tafi ƙauyen Nubawa, muka zauna da Malam muna kallon kwalekwale masu farin tanti suna zagaya tsibiri har aka kira Magariba. Da safe muka miƙa ambulan, Banuben nan ya ɗauko mana jaka har bakin mota, na bar masa sauran yajin.