Salamanka ko Giranada: wanne ya fi wa mai koyon Sifaniyanci?

Ɗan uwa, ka ce ka samu gurbin koyon Sifaniyanci na wata shida a ƙasar Sifen, an ba ka zaɓi tsakanin Salamanka da Giranada, kuma ko gaisuwa ba ka iya da harshen ba tukuna. Na zauna a duka biyun, ga abin da na gani.

Mu fara da kunne, don shi ne ya kai ka. Mutanen Salamanka suna fitar da kowane harafi ɓaro-ɓaro, yadda malama ta faɗa a aji haka mai sayar da burodi zai faɗa maka. Jami'ar garin tun 1218 take, kuma tana da hannu wajen tsara jarabawar DELE, wadda ita ce shaidar iya harshen da ake karɓa ko'ina. Giranada kuwa a Andalus take, wato kudancin ƙasar, can haɗiye ƙarshen kalma suke yi. Kai ka haddace "más o menos", direban bas ya ce maka "má o meno", ka tsaya kana raba ido. Makona na farko a can sai na ɗauka duk karatun da na yi a baya ya bi ruwa. Cibiyar harsuna ta jami'arsu tana koyarwa da kyau, amma titi daban, aji daban.

Sai ciki, kuma a nan Giranada ta yi wa Salamanka fintinkau. Lardin Salamanka gidan naman alade ne, da shi suke tinƙaho. Har wani burodi gare su mai suna hornazo da ake cusa naman a ciki. Dattijuwar da na sauka a gidanta, mace mai kirki, na yi mata bayani tun ranar farko cewa ba na cin alade. Kwana uku sai ga miyar wake da jajayen yanka-yanka suna yawo a sama. Na tambaya, ta ce ai chorizo ne, wato tsiran alade, ɗan kaɗan ta sa don ƙamshi, in tsame in ci sauran. A wurinta wannan ba nama ba ne, kayan miya ne. Daga ranar na koyi kalmomi uku kafin in iya ƙirga ɗaya zuwa ɗari: cerdo (alade), jamón (naman cinyarsa), manteca. Ka riƙe ta ƙarshen, kitsen alade ne, har a kayan zaƙi ana sa shi. A Giranada kuwa ka bi titin Elvira za ka tarar da mahauta 'yan Maroko da naman halal, ga shagunan shayi jere a hanyar hawa unguwar Albaicín. A saman unguwar akwai masallacin da aka buɗe a 2003, daga farfajiyarsa kana hangen fadar Alhambra, inda sarautar Musulmi ta ƙare a 1492. Juma'a ba ta yi maka wuya a can.

(Za ka yi dariya ranar da ka ji shugaban gari ana ce masa alcalde. Alƙalinmu ne, daga Larabci ɗaya muka aro.)

Agogon rayuwa duk ɗaya ne. Aji da safe, abincin rana sai ƙarfe biyu ko uku, ƙananan shaguna su rufe, abincin dare tara ko goma. Da bazara magariba kan kai kusan ƙarfe goma saura, ka shirya wa hakan. Sanyi kuma kada sunan kudu ya ruɗe ka: Giranada a gindin duwatsun Sierra Nevada take, hunturunta yana cizo, zafinta yana kai maki 40. Hunturun Salamanka ya fi tsawo, iskarsa ta fi ta tsakiyar hunturun Jos kaifi. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka tambaya ko akwai na'urar ɗumama gida, kuma wa ke biyan wutarta.

Dukansu sun fi Madrid da Basalona sauƙin haya, kuma da ƙafa za ka yi yawancin zirga-zirgarka.

Da ni ne kai, tunda daga tushe za ka fara, Salamanka zan ɗauka, in kama ɗaki a gidan haɗaka mai kicin don in riƙa girka nawa, da 'yan ƙasar, ba da baƙi irina ba. Daɗin Giranada shi ne tarkonta: in kana ɗan jin Larabci, sai ka wayi gari wata uku kana hira da mai shayi, Sifaniyancin yana nan inda ka bar shi. Ka ajiye ta zuwa hutu, lokacin kunnenka ya nuna, ka je ka gwada shi da direban bas ɗin nan.