Dokin Welsh Cob ko Ƙaninsa: Abin Dubawa Kafin Saye

Wanda ke neman doki ɗaya da zai ɗaura masa sirdi yau, gobe kuma ya ɗaura masa keken doki, da wuya ya tsallake dawakan yankin Wales na Birtaniya. Ƙungiyar Welsh Pony and Cob Society, wadda aka kafa a 1901, ta kasa su rukuni huɗu, daga A zuwa D. Rukunin A da B ƙananan ƙuru ne da suka fi dacewa da yara, saboda haka babban mutum zaɓinsa yana tsakanin C da D ne.

Bambancin farko tsayi ne. A Birtaniya ɗan rukunin C ba ya wuce santimita 137 a kafaɗa, shi kuwa D, wanda shi ne ainihin Welsh Cob, daga nan yake farawa kuma ba a yanka masa iyaka ba. Ƙirarsu kusan ɗaya ce: faffaɗan ƙirji, gajeren baya mai ƙarfi, ƙafafu masu kauri da ɗan gashi mai laushi a bayan dunduniya. Ana karɓar kowane launi, daga akawal har kili, ban da mai dabbare-dabbare.

Abin da ya fi jan hankalin masu saye shi ne sassarfar D, yadda yake ɗaga ƙafar gaba tun daga kafaɗa ya miƙa ta gaba sosai, ƙafafun baya na tunkuɗo shi. A bikin baje kolin noma da dabbobi na Royal Welsh da ake yi kowane watan Yuli a ƙauyen Llanelwedd na Wales, mai riƙe da ingarman kan bi shi a guje, jama'a na ta shewa. Sai dai a ganina nan ne mutane ke yin kuskure, domin dokin da aka raina don ya burge 'yan kallo yakan zo da zafin kai, kuma wanda bai ƙware a hawa ba zai sha wuyarsa. Manoman Ceredigion, wata gunduma a yammacin Wales, da suka kiwata irin nan sun so shi ne don ya yi aikin gona ya kuma kai su kasuwa, kuma irin wannan halin ne ya kamata mai saye ya nema.

Idan mahayin mai jiki ne, ko keken zai ɗauki mutum uku zuwa huɗu a hanya mai hawa da gangara, D ne ya dace, musamman dandaƙaƙƙe ko goɗiya mai hankali. Idan kuwa gida guda ne za a yi tarayya a kansa, uwa ta hau, matashi ya hau, a kuma ja ƙaramin keke, C ya wadatar, ga shi cinsa bai kai na D ba.

Dukansu suna ƙiba da abinci kaɗan, kuma ƙiba da ɗanyar ciyawa mai yawa sukan jawo kumburin cikin kofato mai gurgunta doki. A duba kofato ko yana da zobe-zobe marasa daidaito, a taɓa wuya ko kitse ya taurara a ƙarƙashin geza. A nemi fasfo ɗin dokin, wato takardar shaidarsa, da takardar rajistarsa, a sa likitan dabbobi ya gwada shi, sannan a ga an ɗaura masa keke an fita da shi kan titi mai motoci kafin a yi maganar kuɗi.