Ƙwan Dinya: A Ƙarƙashin Agwagwa Ko A Cikin Inji?

Ƙwan dinya yana ɗaukar kimanin kwana 30 kafin ya ƙyanƙyashe, kuma yana buƙatar laima sosai, abin da ke wahalar samu a Katsina lokacin hunturu. Agwagwa mai kwanci tana juya ƙwan da kanta, tana kuma jiƙa shi da gashinta idan ta dawo daga wanka, sai dai kaɗan take iya rufewa saboda girmansa. Injin ƙyanƙyasar ƙwai kuwa yana ɗaukar da yawa, amma dole zafinsa ya tsaya a digiri 37.5, a riƙa yayyafa wa ƙwan ruwa mai ɗumi, kuma ɗaukewar wuta na tsawon dare kan kashe ɗan tayin. Ga mai ƙwai biyar a Daura wanda ba shi da sola, agwagwa ta fi.