Falsafar Girka da Rum: Wane Littafi Za Ka Fara Saya?

Idan kuɗin littafi ɗaya ne a aljihunka, kuma kana son jin abin da tsoffin masanan Girka da Rum suka faɗa kan yadda mutum zai tafiyar da rayuwarsa, ni Enchiridion na Epictetus zan ce ka ɗauka. Ɗan ƙarami ne, sassa 53 gajeru, a zama ɗaya ake gama shi. Epictetus bawa ne a birnin Rum kafin a 'yanta shi, kuma ɗalibinsa Arrian ne ya tattara maganganunsa. Tun a layin farko ya raba al'amura gida biyu: waɗanda ke hannunka, kamar niyyarka da yadda kake fahimtar abu, da waɗanda ba sa hannunka, kamar dukiya, jiki da bakin mutane. Duk sauran littafin a kan wannan ya ginu.

Meditations na Marcus Aurelius ya fi suna. Ya yi sarautar Rum daga 161 zuwa 180, ya rubuta shi da Girkanci don yi wa kansa nasiha, wani ɓangaren ma a sansanin yaƙi. Bai tsara shi don mai karatu ba, shi ya sa za ka ga maimaici da yawa. Wanda ya riga ya karanta Epictetus zai fi gane inda sarkin ya dosa, domin shi ma daga gare shi ya sha. A nan ne ya kamata ka buɗe shafin farko ka duba sunan mai fassara kafin ka biya. Bugu masu araha da yawa fassarar George Long ce ta 1862, Turancinta tsohon yayi ne mai gajiyarwa. Ta Gregory Hays ta 2002 ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko da za ka ƙara kuɗi.

Wasiƙun Seneca ga abokinsa Lucilius, guda 124, sun fi daɗin karatu, kamar dattijo yana hira da ƙaninsa. Ta farko kan ɓarnar lokaci ce. Bugun Penguin mai suna Letters from a Stoic zaɓaɓɓu ne kawai, ba duka ba. Kuma ka sani tun yanzu, a wasu wasiƙun yana halatta wa mutum kashe kansa, abin da addininmu ya haramta.

Nicomachean Ethics na Aristo kuwa a bar shi sai an yi ƙwari. Kashi 10 ne, hujja bisa hujja, kada ka sayi bugun da ba shi da sharhi. Amma wanda ya taɓa karanta Tahzibul Akhlaƙ na Ibn Miskawaihi ba zai ji baƙunta ba, domin maganar da ke cikinsa cewa jaruntaka tana tsakanin ragonta da ganganci daga wannan littafin na Aristo ta samo asali.